Ƙofar da Tamimu Ya Kulle a Dira

Tamimu ne ya kira Kamil da bakinsa, kuma daga wannan kiran komai ya lalace. Inuwa ya sha gaya masa tun yana da lafiya cewa ko me ya same shi kada a nemi danginsa. Tamimu ya ji sarai, ya kuma je ya yi abin da aka hana shi.

Inuwa tsoho ne mai sayar da tuwo a unguwar Dira. Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Riyad ya san ɗakinsa, a wani lungu bayan kasuwar tsofaffin kaya, cikin gidajen ƙasar nan da Larabawa suka tashi suka bar wa baƙi. Leburorin gini, direbobi, masu gadi, har ɗaliban jami'a da shinkafar makaranta ta gundura, ran Juma'a nan suke yin dafifi. Tuwon shinkafa da miyar kuka, man shanu yana yawo a sama. Kowa ya san ɗan daudu ne. A Kano can abokansa Sabuwa suke ce masa. Da ya zo ƙasar nan sai ya koyi ɗaure harshensa da hannunsa, ya sa farar jallabiya, ya bar gemu ya fito. Suna ci suna yi masa ba'a, yana rama musu da wadda ta fi zafi, a yi dariya a suɗe kwano. Abin da ba su sani ba, ko suka ga dama suka ƙi sani, shi ne abin da ke tsakaninsa da Tamimu.

Tamimu direban gida ne a unguwar Nasiriyya, mutum mai kaurin wuya da ƙarancin magana, ya haura hamsin da biyar. Sun fi shekara ashirin tare. A gaban jama'a Malam Inuwa ne da Malam Tamimu, abokai, 'yan gari ɗaya. In ƙofa ta rufu kuwa, ɗaya Maigida ne, ɗaya Sabuwa.

Wata safiya Inuwa yana tuƙa tuwo muciya ta kuɓuce masa, shi ma ya bi ta ƙasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun da jimawa, don haka babban asibiti ba zancensa ba ne. Tamimu ya goya shi har mota, ya kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi inda wani likita ɗan Sudan ba ya yawan tambaya. Likitan ya yi abin da zai iya, sannan ya ja Tamimu gefe ya gaya masa gaskiya: hannun nan da ƙafar nan sun tafi. Abin da ya rage shi ne jinya. A ba shi abinci mai ruwa-ruwa da cokali, a zaune, kada ya shaƙe. A wanke shi duk sanda ya ɓata jikinsa. Kuma sama da komai a riƙa juya shi, dama da hagu, sau da yawa a wuni, in ba haka ba fatar da yake kwance a kai za ta fashe ta zama gyambo, gyambon ne kuma zai kashe shi kafin ciwon.

To wa zai juya shi? Tamimu da asuba yake fita da 'yan matan kafilinsa, wato ubangidansa, zuwa makaranta. Ya dawo ya kai uwar gida kasuwa, ya zauna a mota yana jiranta har ta gaji don kanta, ya koma ya kwaso yara, da yamma a ce gidan biki. Bawan sitiyari ne. Sanda zai samu ya leƙa Dira, sai ya tarar da Inuwa yadda ya bar shi, cikin fitsari, ido a rufin ɗaki.

Sai ya je wurin Alhaji Buraima. Shi ne shugaban ƙungiyar Hausawan yankin, mutumin Maraɗi, mai shagon turare da darduma, wanda ya fi kowa cin tuwon Inuwa, har ƙanzo ake ajiye masa. Tamimu bai nemi komai ba sai hannu: a raba wuni, wannan ya leƙa da hantsi, wancan da azahar, a juya bawan Allah a ba shi ruwa. Alhaji Buraima ya yi ta jan carbi yana Allah ya ba shi lafiya. Ya ce kowa da kafilinsa, kowa da aikinsa. Sannan ya kafe Tamimu da ido.

"Shi ba shi da dangi ne? Ai akwai ɗan ƙanwarsa a jami'a. A garinku haka ake yi, mutum ya kwanta ciwo a ɓoye wa jininsa? In ya cika a hannunka, me za ka gaya musu?"

Wannan maganar ta shiga Tamimu, don haka aka tarbiyyantar da shi. A inda ya fito, bare ba ya riƙe ciwon mutum shi kaɗai. Ko kun shekara ɗari tare, in ciwo ya yi tsanani sai ka aika wa dangi, in ba haka ba kai ne abin zargi. Shi kuwa a idon duniya bare ne. Ba shi da sunan da zai kira kansa da shi. Ya karɓi lambar yaron ya buga.

Kamil ɗan Ruƙayya ne, ƙanwar Inuwa, yana karatun shari'a. Saurayi ne mai tsabta, wando ɗangale, turare kamar an yi ɓarinsa. Da farko, ba za a ci haƙƙinsa ba, ya yi abin kirki. Ya zo da dabino da zamzam da man habbatussauda, ya durƙusa yana Kawu sannu, Kawu ya jiki. Yana ce wa Tamimu Baba, yana sa masa albarka. Ranakun da ba shi da darasi da safe yakan zo ya zauna. Inuwa ya dube shi da idonsa mai kyau, ya ce da karkataccen bakinsa, "Ɗan Ruƙayya, wannan gemun naka aro ka yi ko gado?" Kamil ya yi dariya. Tamimu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Abin da bai lura da shi ba shi ne ciwon bai tsaya a hannu da ƙafa ba. Ya kwance ƙullin da Inuwa ya shekara talatin yana ɗaure harshensa da shi. Tsohon ya daina rarrabe wanda ake ɓoye wa da wanda ba a ɓoye wa.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Tamimu ya shigo da kunun gyaɗa a fulas. Kamil na zaune, Alhaji Buraima ma ya zo dubiya karon farko, yana tsaye a bakin ƙofa da hanci cikin rawani. Inuwa na ganin Tamimu fuskarsa ta washe, ya miƙa hannun hagu yana karya wuya.

"Maigida, sai yanzu? Zo ka ga yadda suka bar maka matarka, ko wanka ba su yi mata ba."

Tamimu ya so ya ce zafin ciwo ne, amma Inuwa ya riga ya kama hannunsa ya ɗora a kumatunsa, kamun da duk mai ido ya san ba na yau ba ne. Alhaji Buraima ya ce yana da baƙi a shago. Kamil ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa kamar wani abu ya zuba masa.

A tsakar gida ya tare Tamimu. Babu sauran Baba. Ya ce ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin a gida tun yana yaro, yau ya gani da idonsa. Ya ce shi ne jinin mutumin nan, shi ke da iko da shi, kuma aikin da ke gabansa yanzu shi ne ya ga kawunsa ya tuba kafin ya mutu, ba zai tuba ba kuwa muddin Tamimu na shigowa. In ya sake ganin ƙafarsa a gidan, waya ɗaya zai buga wa 'yan hisbar ƙasar, 'yan Hai'a. Tamimu ya san abin da wayar nan za ta jawo, kuma ya san ba shi kaɗai za a ɗauka ba, har mai shanyayyen jikin. Ya ajiye fulas ɗin a ƙasa, ya ce a riƙa juya shi, don Allah a riƙa juya shi. Kamil ya ce ba a koya masa jinyar kawunsa.

Tamimu ya yi kusan mako biyu bai je ba. Yana tuƙi yana cizon leɓe, ya yi ta shan zagin uwar gida don ya wuce kwana. Ran nan dai ya sauke 'yan mata a makaranta, maimakon ya koma Nasiriyya sai ya juya kan mota Dira.

Wari ne ya fara yi masa sallama tun daga zaure. Ɗakin a buɗe, Kamil ya tafi darasi. A kan taga an jingine wata tsohuwar waya tana ta karatun ruƙiyya. Ga kwanon shinkafa busasshiya an ajiye a gefen dama, gefen hannun da ya mutu. Inuwa na kwance rigingine yadda aka ajiye shi, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Tamimu ya sa hannu ya juya shi, zanen gadon ya biyo fatar. A ƙugu, wajen ƙashin baya, rami ne wanda dunƙulen yaro zai shiga, gefensa baƙi, cikinsa ruwa.

Bai yi kuka ba. Ya ɗora ruwa a risho, ya zuba gishiri, ya fara wankewa. Inuwa na nishi yana cewa, "A hankali, Maigida, ai ba tukunya kake kankarewa ba." Yana cikin haka Kamil ya shigo da littattafai a hammata.

Yaron ya fara da cewa ai ya hana shi zuwa. Tamimu bai ɗago ba, ya ce ya matso ya ga aikinsa. Kamil ya kalli ramin ya kau da kai. Ya ce shi yana kawo abinci, yana yi masa nasiha kullum, amma bayan abin da ya sani ba zai iya sa hannu a tsiraicin mutumin nan ba, zuciyarsa ba ta ɗauka.

"Zuciyarka ba ta ɗauka," in ji Tamimu. "Ustaz, kai da aka haife ka a wanke ka zo? Wani bai goge maka kashi ba? Jikin nan da kake ƙyama shi ya tsaya a gaban wuta har ya tsufa, kana gida kana cin abin da yake aikowa ba ka taɓa tambayar hannun da ya tuƙa ba. Ka zo ka kunna masa waya ta yi maka jinya. Wayar ce za ta juya shi?"

Kamil ya ce ya yi duk surutun da zai yi, magana ta riga ta ƙare. Sun zauna da Alhaji Buraima, sun yanke a miƙa tsohon ga jawazat, hukumar shige da fice, tunda ba shi da iƙama, hukuma ta mayar da shi gida kyauta. Tamimu ya tambaye shi gida wurin wa. Ba wurin kowa, don uwar Kamil ta riga ta ce ita ba ta da ɗakin ajiye shi, mijinta ma ba zai yarda ba. Tamimu kuwa ya san tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora. Masu ƙafa biyu ma da ƙyar suke samun wurin miƙewa. Wa zai ba mai shanyayyen jiki kunu da cokali a can?

Washegari da hantsi, da ya tabbatar Kamil na aji, ya zo da motar kafili ya ɗauke Inuwa da katifarsa da tukunya ɗaya. Ya riga ya kama wani ɗaki a wurin wani Bayamane, a can ƙuryar wani lungun dabam, saman wani rufaffen sito, inda babu Bahaushe ko ɗaya. Ya kwantar da shi, ya mayar da mota Nasiriyya, ya ajiye makulli a kan taya, ya fita da ƙafa bai waiwaya ba. Ya san abin da zai biyo baya. Kafili zai kai sunansa a rubuta masa hurub, wato ya gudu daga ubangidansa, daga ranar kuma iƙamarsa ta zama takardar banza, duk ɗan sandan da ya duba ta zai jefa shi a mota. Ya sani, ya zaɓa.

Watannin da suka biyo baya su ne Tamimu ya zama ma'aikacin jinya ba tare da kowa ya koya masa ba. Ya gane in ya sa filo tsakanin gwiwoyi ƙashi ba ya gugar ƙashi. Ya gane zuma na taimakon gyambo, kuma kunu in ya yi ruwa da yawa ya fi shaƙewa. Yana juya shi, yana shafa masa mai, yana aske masa gemun da dama don mutane aka bar shi. Ya sayar da agogonsa da wayarsa mai kyau, yana fita jefi-jefi ya yi dako a kasuwa. Ramin ya fara cikowa da jan nama. Inuwa ya dawo da tsiwarsa, yana kushe miyar Tamimu, wai ko fursuna ba zai sha ba. Wata rana ya ce lalle yake so. Tamimu ya sayo ya kwaɓa, ya ƙunsa masa a hannun hagu, ya yi dama-dama da shi.

"Ke dai ba ki da godiya," ya ce da Sabuwa ta fara ƙorafi.

"Ina da ita mana. Shi ya sa ban ce ka yi ɗayan ba."

Abu ɗaya ne ya dame shi. In Inuwa ya ji daɗi sai ya kama waƙoƙin matan Kano da ƙarfi, yana kiran Maigida. Ga labari ya iso masa Kamil na yawo lungu-lungu yana cigiya. Don haka duk sanda zai fita sai ya sa kwaɗo ta waje, ya jefa makulli a aljihu. Kuma bai gaya wa kowa ɗakin ba. Ya gaya wa mutane sau ɗaya, ya ga abin da suka yi.

Shekarar ce aka yi ta kamen marasa takarda, motocin jawazat a kowace mahaɗa. Ran nan da safe ƙunzugun manya ya ƙare, kantin maganin kusa kuma ba su da shi. Tamimu ya juya Inuwa ɓangaren hagu, ya ajiye masa kofin ruwa inda hannunsa zai kai, ya ce yanzu zai dawo. Inuwa ya ce ya taho da goro. Ya kulle, ya nufi wajen unguwar Murabba.

Ya sayo, yana dawowa da leda a hannu suka tare shi. Suka duba iƙama a na'ura, suka ce hurub, yalla, mota. Ya gaya musu da duk Larabcin da ya sani cewa akwai mara lafiya a kulle, ya ciro makullin ya nuna musu, ya ce su bi shi su gani, su kama su duka biyu ma ya yarda. Ɗan sandan ya ce tun safe duk wanda suka kama yana da mara lafiya a gida. Aka karɓe waya da makulli da ledar, aka tura ƙeyarsa.

A tarhil ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya bugi ƙofa har wani mai gadi ya zo ya buge shi. Sai a rana ta biyu ya samu wani ɗan Habasha da ya shigo da waya a ɓoye ya ara masa. Ya kira Kamil. Yaron na jin muryarsa ya kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya kira Alhaji Buraima, ya kwatanta masa lungun da siton da benen, ya ce a fasa kwaɗon, ya ce ba ya roƙon a yi jinya, ruwa kawai a ba shi, a juya shi sau ɗaya. Alhaji Buraima ya ce subhanallahi, amma ai ya san halin da ake ciki, yaransa duk sun ɓuya, shi kansa bai buɗe shago ba, kuma fasa ƙofar mutane a irin wannan lokaci jawo wa kai magana ne. Ya ce bari ƙura ta lafa, in Allah ya kai mu bayan Juma'a zai sa a duba.

Bayan Juma'ar suka je. Bayamanen ne ma ya riga su, don maƙwabta sun yi masa ƙorafin wari.

Tamimu bai ji ba sai ana gobe za a sa shi a jirgi, da ya sake samun aron waya. Alhaji Buraima ya gaya masa da murya mai sanyi, irin ta masu ta'aziyya. Ya ce sun same shi ya sauko daga katifa, ya ja jiki har bakin ƙofa. Amma ya kwantar da hankalinsa, an yi masa sutura yadda ya kamata. Ƙungiya ta tsaya tsayin daka har aka samu takardar binnewa. Ya yi jama'a ƙwarai, duk masu cin tuwonsa sun zo, ana ta rige-rigen ɗaukar makara don lada. Kamil ma, Allah ya yi masa albarka, da kansa ya shiga ɗakin wanka ya kama.

Tamimu ya matse wayar a kunne.

"Ya taɓa jikin?"

"Da hannunsa."

"Ya juya shi?"

"Ai dole a juya mamaci a wanka, Malam Tamimu. Dama, sannan hagu."

Tamimu ya miƙa wa ɗan Habashan wayarsa.

A bakin jirgi aka ba shi kayansa a cikin wata 'yar leda: matacciyar iƙama, carbi, da makullin kwaɗo. An ɗauki hoton yatsunsa, an gaya masa ba shi ba dawowa. Ya sauka Kano da silifa da jallabiyar da aka kama shi da ita, ba aiki, ba gida, ba wanda zai yi masa gaisuwar mutuwa, don ba wanda ya san an yi masa mutuwa. Bai san ma a wane layi kabarin yake ba. Kamil ya gama karatunsa a kan lokaci. Alhaji Buraima ya buɗe shago. Inuwa kuwa, wanda ya ciyar da su duka, ƙishirwa ce ta kashe shi a bayan ƙofa, da lalle a hannu ɗaya.